Fijo 504 Daga Gindin Darbejiya Zuwa Titi: Nazarin Ceto da Gyara da Sayar da Mota Guda

Motar da wannan nazari ya shafa Peugeot 504 ce, wadda mutanenmu suke kira Fijo, salun mai ƙofa huɗu, ƙirar farkon shekarun 1980, haɗin masana'antar Kaduna. Na same ta a wani gida a Zariya, a gindin darbejiya, tayoyinta huɗu sun sace har wili ya nutse a ƙasa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, an kuma mayar da kujerar baya ma'ajiyar tsofaffin tabarmi. Gyaran mota ba sana'ata ba ce. Ni ma'aikaci ne, kuma ceto tsofaffin motoci abu ne da nake yi a ƙarshen mako da rarar albashi: in ɗauko mota guda, in gyara ta, in more ta na ɗan lokaci, sannan in sayar domin in samu kuɗin ɗauko wata. Wannan ita ce ta uku da ta biyo ta hannuna, kuma na zaɓi in bayyana lamarinta dalla-dalla ne saboda ita ta fi nuna mini inda kuɗi da lokaci suke tafiya a wannan harka, wanda ba nan ne inda mai sha'awa yake zato da farko ba.

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a birnin Paris a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana sifarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Ƙarfinta a kan mugun titi ne ya kafa mata suna a Afirka, musamman bayan da ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar PAN, wato kamfanin Peugeot na Najeriya, da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, a daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a hannun ma'aikata, sannan gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo motar manyan jami'an gwamnati. An daina ƙera salun ɗin a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, kuma jimillar waɗanda aka ƙera a duniya ta haura miliyan 3. Wannan tarihi yana da amfani biyu ga mai gyara: kayan inji ba su yanke ba, kuma har yanzu akwai dattawan makanikai da suka san motar ciki da waje. Yana kuma da illa guda, wato yawanta ya sa ba wanda ya ɗauke ta abin adanawa. An yi haya da ita har ta ƙare, daga motar ofis zuwa motar tasha, daga nan zuwa hannun 'yan gwangwan. Wadda ta kuɓuta daga wannan zagaye, ta zauna a hannun mutum ɗaya tun daga sabuwarta, ita ce ake nema, kuma ba ta da yawa.

Kowace tsohuwar mota da ke kwance a tsakar gida tana da farashi biyu. Na farko shi ne na ɗan gwangwan, wanda yake kallon ta a matsayin ƙarfe mai nauyin kilo 1,200 ko kusa da haka, ya ware lagireto da wayoyi saboda tagulla, ya ware murfin inji saboda alminiyam, ya biya nan take ya kawo masu yanka. Na biyu shi ne na mutumin da yake son motar saboda abin da take tuna masa. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ce filin da mai wannan sha'awa yake aiki a cikinsa, kuma duk matakin da ya ɗauka ko dai ya matsar da motar zuwa farashi na biyu, ko ya ci kuɗi ba tare da ta motsa ba.

Matsalar farko ba ta da alaƙa da ƙarfe. Mai motar tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya saye ta sabuwa da lamunin mota, ya ajiye ta bayan wata 'yar matsalar zafin inji da nufin gyarawa, ciwo ya kwantar da shi, har Allah ya yi masa rasuwa. An raba gidaje da gona, amma motar ba wanda ya tayar da maganarta. Babban ɗansa, wanda ya nuna mini ita, ya ce da ni: "Malam, kawo abin da ya sawwaƙa ka ɗauke ta, tare mana wuri kawai take yi." Da na karɓi wannan tayi, da na sayi abin da ba nasa ne shi kaɗai ba. Motar dukiyar gado ce: matar marigayin tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura na 'ya'ya ne, namiji da rabon mata biyu. Abin da ya ƙara tsawaita lamarin shi ne ɗaya daga cikin 'ya'yan maza ya rasu bayan mahaifinsa, saboda haka rabonsa ya gangara ga nasa magadan, cikinsu har da ƙananan yara marayu, waɗanda sai waliyyinsu ya amince a madadinsu. Na nemi a tara yardar kowa a rubuce, da sa hannun shaidu da na mai unguwa, kuma hakan ya ci kusan wata uku, domin wasu daga cikin 'ya'ya mata suna aure a wasu garuruwa.

Jinkirin nan ya haifar da alherin da ban yi tsammani ba. Ranar da na je gaishe da matar marigayin, ta tambaye ni abin da zan yi da motar. Na ce: "Mama, gyara ta zan yi ta koma titi." Ta ce: "Ɗana, in dai ba yanka ta za a yi ba, ni na yarda." Sannan ta sa aka ɗauko wata akwatin ƙarfe, a ciki akwai rasit ɗin sayen motar, da littafin sabis mai hatimin gareji, da tsofaffin lasisin shekara-shekara a jere. Daga baya za a ga cewa waɗannan takardu sun fi sabon fenti tasiri a kan farashi.

Kafin in ambaci kuɗi, na zo da wani dattijon makanike da ya koyi aiki a kan Fijo tun yana saurayi, wanda kowa a garejinsa yake kira Baba. Bai fara da inji ba. Ya sa aka ɗaga motar da jak, ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila da sukundireba, yana caka ƙarfe wuri-wuri. Dalilinsa shi ne 504 salun ba ta da shasi daban da ake ɗora bodi a kai. Bodin ne kansa yake ɗauke da nauyin inji da ƙafafu, saboda haka idan tsatsa ta ci wuraren da shokazoba da ƙafar baya suke ɗaure, motar ta mutu ko da injinta yana tashi da bugu ɗaya. Bushewar iskar Arewa tana kare ƙarfe fiye da danshin bakin teku, kuma wannan ne ya sa motar Zariya ko Kano ta fi ta Legas kyan ƙasa. Sai dai inuwar da aka yi zaton tana kare wannan motar ita ce ta cuce ta: ganyen darbejiya ya taru a ramin da ke gindin gilashin gaba, ya toshe kafofin da ruwan sama yake bi ya fita, sai ruwan damina bayan damina ya riƙa gangarawa cikin mota yana kwanciya a ƙarƙashin kafet. Daɓen gaba na gefen fasinja ya ruɓe har ana hango ƙasa, gindin ƙofofin wannan gefen ya huje, amma wuraren da suke ɗauke da nauyi lafiyarsu ƙalau. Mun bi bodin da maganaɗisu, ya kama ko'ina, alamar ba a taɓa cike wani wuri da fila ba, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Lambar shasi da ta inji kuma sun dace da abin da ke cikin rasit. Baba ya fito yana karkaɗe riga ya ce: "Alhaji, ƙashinta da rai. Saye."

Na biya kusan ninki biyu na abin da ɗan gwangwan ya taya. Wasu abokai sun ce na yi sakaci, tunda magadan ba su san darajarta ba. Ni a ganina rashin saninsu ba hujja ba ce ta tauye su, balle akwai haƙƙin marayu a ciki. Ba mu ja ta da igiya ba, domin birki ya kame kuma tayoyin sun rududduge. Mun sa mata tayoyin aro, aka tura ta kan babbar mota aka kai ta Kaduna.

Babban kuskuren da ake yi wa motar da ta daɗe a kwance shi ne a sa mata batir a murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Man da ke jikin ƙarafan inji ya daɗe da tsiyayewa, ring ya manne da bangon silinda, fetur ɗin da ya rage a tanki ya zama danƙo. Murɗawa ɗaya tana iya karya ring ko ta kankare silinda. Baba ya kwance fulogai huɗu, ya zuba ɗan man inji gauraye da man dizal a kowace silinda, ya bar shi kwanaki, sannan ya riƙa gwada juya karanshaf da sufana a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan, har ya sake. Injin mai cc 1971 ne, a karkace yake zaune a cikin bonet, jikinsa ƙarfen zubi, murfin samansa kuwa, wanda makanikai suke kira tof, alminiyam ne. Da aka buɗe shi aka ga dalilin zafin da ya sa marigayi ya ajiye motar: shekaru ana zuba wa lagireto ruwan rijiya zalla ba tare da ruwan sanyaya inji ba, gishirin ruwan ya toshe hanyoyin lagireto, ya kuma ci gefen tof har gasket ya ƙone. An ma cire tamostat an yar, al'adar da ta yaɗu a garejojinmu bisa zaton cewa zafin ƙasarmu ba ya buƙatarsa, alhali rashinsa yana hana inji kai zafin da ya dace da aikinsa.

Akwai wata siffa ta wannan inji da ta sa ya dace da mai ceto. Silindojinsa ba a jikin injin aka huda su ba; bututu ne daban, silif, da ake zura su a ciki ruwa yana zagaye su. Idan sun ci, ba sai an kai inji wurin masu huda ba, ana sayen saitin silif da fiston da ring a sauya, inji ya koma ma'auninsa na asali. Sai dai wannan siffar tana da tarko: da zarar an cire tof, idan aka juya karanshaf ba a danne silif ɗin ba, sai su ɗago, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya lalace, daga baya ruwa ya riƙa haɗuwa da man inji ba a san daga ina ba. Na ga Baba ya ɗaure su da ƙusoshi da faffaɗan wanshar kafin ya bari wani yaron gareji ya taɓa sufana. Irin wannan sani ba ya cikin kayan da ake saya a kasuwa, kuma masu shi suna ta ƙarewa. An goge fuskar tof, aka sauya silif da fiston da metal, wato ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu, aka wanke kafireto ƙirar Solex, aka sauke tanki aka wanke shi, aka mayar da tamostat, aka sake wa lagireto ciki. An sauya duk tiyo na ruwa da na fetur da na birki ba tare da duba ko sun fashe ba, domin roba mai waɗannan shekaru ba a amince mata, kuma man birki yana shan danshi daga iska har ya tsatsar da silindojin birki daga ciki.

A wannan matakin ne aka fi matsa mini da shawarar in cire injin in dasa na Japan na tokumbo, wanda ya fi arha, ya fi ƙarancin shan mai. Shawarar tana da ma'ana ga wanda yake neman motar aiki, kuma da yawa daga Fijon da suka rage a titi haka aka yi musu. Ga wannan motar kuwa, dashen zai raba lambar inji da takardunta, ya buƙaci yanka da walda a mazaunin inji da na giya, ya kuma kori irin mai sayen da nake fatan samu. Na ƙi. Gyaran injin gaba ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe ba, kuma shi ne ɓangaren da ya fi tafiya daidai da lissafi.

Neman kaya ya kasu gida biyu. Kayan inji da na ƙafa suna samuwa a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ya gagara kuma ana aikowa daga Ladipo a Legas ko Nnewi. Abin lura kawai shi ne bambanta tsohon ajiya na asali da sabon kwaikwayo, domin araha ba ta ado. Famfon ruwa na farko da na saya a wani shago ya fara yoyo cikin mako biyu. Kayan ado su ne masu wuya: gilasan fitilu, sandunan ƙarfe masu ƙyalli na gefe, tambarin zaki, robobin ƙofa, da dashbod wanda rana ba ta tsaga ba. Ba a ƙera yawancinsu yanzu. Mafitar da na samu ita ce sayen gawar wata 504 da ta yi haɗari ta baya daga hannun ɗan gwangwan kafin ya yanka ta. Na cire dashbod da fitilun gaba da makullan ƙofa, na yanko daɓen gefen fasinja lafiyayye, sannan na sayar masa da ragowar bisa nauyi. Ɗan gwangwan abokin hamayya ne a wurin saye, amma mai wannan sha'awa ba zai yi nisa ba sai yana da ɗaya ko biyu da suke kiransa kafin su sa wuta a jikin mota.

Aikin bodi ne ya jawo asara mafi girma, kuma laifin farko nawa ne. Na ba wani fanalbita aikin, na biya shi kaso mafi yawa tun kafin ya fara, sannan aiki ya kai ni wani gari na makonni. Yarjejeniyarmu ita ce ya yanke duk ruɓaɓɓen ƙarfe, ya dasa daɓen da na yanko, ya yi wa gindin ƙofofi sabon ƙarfe. Daɓen ya dasa shi, domin babu yadda za a ɓoye ramin. Gindin ƙofofin kuwa da gefen gilashin gaba sai ya goge saman tsatsar, ya cike da fila, ya bi da samfefa, kafin in dawo har an fesa fentin ƙasa. Sumul take a ido, ni kuma ban ɗauko maganaɗisun da na gwada aikin wasu da shi na gwada aikin da na biya ba. Aka yi fenti, motar ta fito gwanin sha'awa. Damina ɗaya ta wadatar: fila ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi, ita kuwa tana ci gaba da ci daga ƙasa tana kumbura, sai ƙuraje suka fara fitowa a layi ɗaya a gindin ƙofofin biyu. A lokacin ina da zaɓin in sa a shafe wurin in sayar da sauri kafin wata daminar, kuma akwai waɗanda suka ba ni wannan shawarar a fili. Na mayar da ita wurin wani fanalbitan, aka kankare gefen gaba ɗaya har ƙarfe, aka yanke, aka yi walda guntu-guntu ana barin ƙarfe ya huce, domin waldar gas tana lanƙwasa siririn ƙarfe idan aka yi ta a jere. Wannan karon biya ya kasance mataki-mataki, kuma ba a shafa komai a kan ƙarfe ba sai na zo na gani da idona na ɗauki hoto. Zuwa da kai ya fi saƙo. Aikin bodi da fenti, da na farko da na biyu, ya cinye kusan kashi biyu cikin biyar na jimillar kuɗin.

Launin da na mayar mata shi ne nata na asali, ruwan madara, wanda muka samo a cikin but inda rana ba ta taɓa shi ba. Ban sa mata wilin alminiyam ba, ban baƙanta gilasai ba, kuma mai ɗinkin kujera ya bi tsarin ɗinkin da ya tarar. Abin da na yarda a sabunta shi ne abin da ya shafi rai: tayoyi sababbi waɗanda na duba makon da shekarar ƙirarsu a jikinsu, bel ɗin kujera, da wayoyin da ɓeraye suka ci, waɗanda mai wayarin ya sake ja bisa tsarin fis na asali maimakon ya yi ta ƙulle-ƙulle. Na'urar sanyaya ciki tana amfani ne da tsohon gas na R12, wanda aka daina ƙerawa ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma mayar da ita kan R134a yana buƙatar sauya mai da robobi da wasu sassa. Na bar ta a jikin motar ba ta aiki. Takardu ba su ba da wahala ba, tunda yarjejeniyar magada da rasit na asali suna hannu: aka yi canjin mallaka, aka fitar da sabuwar lamba da inshora, tsohuwar lambar kuma na goge ta na ajiye a but.

Ana cikin aikin ne kasuwa ta sauya. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira. Motar da take shan abin da ya haura lita 10 a kowane kilomita 100 ta fita daga lissafin duk mai neman abin hawa na yau da kullum. Dillalan da na fara nuna wa sun yi mata kuɗi bisa shekarunta, kamar yadda suke yi wa kowace mota, kuma abin da suka taya bai kai rabin abin da na kashe ba. Ba na ganin laifinsu, domin kasuwarsu ta masu neman sabuwar ƙira ce. A Turai akwai gwanjo da mujallu da ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci da suke tsayar da farashi; a nan farashin irin wannan mota yana tsayawa ne tsakanin mutum biyu, kuma aikin mai sayarwa shi ne ya nemo na biyun. Na sa hotunanta a Facebook, har da na ranar da aka ɗauko ta da na ƙarfe tsirara lokacin walda. Masu tambaya sun yi yawa, masu niyya kaɗan ne. Wasu masu shirya fim sun nemi haya, na ƙi saboda ba zan iya lamunce yadda za a riƙe ta ba. Wani ya so ta don jigilar kaya zuwa ƙauye, na gaya masa gaskiya cewa kuɗinsa zai fi yi masa amfani a wata motar. Bayan kusan wata huɗu sai wani ɗan kasuwa daga Kano ya kira, wanda mahaifinsa ya yi irinta, launi ɗaya, kuma a cikinta aka riƙa kai su makaranta.

Ya zo da makanikensa, ni kuma na miƙa masa takarda da na rubuta aibobin motar a kai kafin ya tambaya: an dasa daɓen gefen fasinja, an yi walda a gindin ƙofofi biyu bayan aikin farko ya lalace, na'urar sanyi ba ta aiki, giya ta biyu tana ɗan ƙara da safe kafin mai ya yi ɗumi, dashbod da fitilun gaba daga wata motar suke, mitar tafiya kuma ta taɓa tsayawa, saboda haka adadin da take nunawa ba abin dogaro ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin zaɓin aibi, wato haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ban da wannan ma, a kasuwar da masu saye ba su da yawa kuma sun san juna, mota ɗaya da aka rufe wa tsatsa ta isa ta rufe wa mutum ƙofa. Abin da na lura da shi shi ne takardar ba ta rage farashi ba. Makaniken ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da kowane aibi a inda aka ce yake, daga nan ya daina neman wani. Mai sayen kuwa ya fi daɗewa a kan akwatin takardu fiye da kan motar, yana juya littafin sabis yana karanta hatimai. Ragin da ya nema kaɗan ne, kuma na bar masa.

Lissafin ƙarshe shi ne kamar haka. Kuɗin sayen motar daga magada bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na jimillar ba. Inji ya ci kusan ɗaya cikin biyar, bodi da fenti kusan biyu cikin biyar, saura ya tafi a gawar motar da na saya, da tayoyi, da birki, da wayarin, da kujeru, da takardu, da jigila. Farashin sayarwa ya mayar da abin da na kashe da ɗan ƙari a bisa, idan aka ƙirga naira da naira. Amma yawancin kuɗin na kashe su ne kafin naira ta faɗi, na karɓe su bayan ta faɗi, saboda haka ƙarin bai kai ya sayi abin da zai saya a da ba, kuma ban sa ranakun Asabar da Lahadi na fiye da shekara guda a cikin lissafin ba. Da ba a yi aikin bodi sau biyu ba, da ribar ta zama ta gaske. Abubuwa uku ne suka riƙe farashin har ya kai inda ya kai, wato takardun asali, da injin da lambarsa ta dace da su, da hotunan aikin da ke ƙarƙashin fenti, kuma biyu daga cikinsu ba kuɗi ne ya samar da su ba.

Kafin in miƙa motar na nemi izinin mai sayen in kai ta Zariya, kilomita 80 ko kusa da haka daga Kaduna, tafiyar da ta zama gwajinta na ƙarshe; allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba har muka isa. Na tsaya a ƙofar gidan, aka yi mini iso. Matar marigayin ta fito ta zagaya motar, ta shafa bonet, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a gefen fasinja, a kan daɓen da aka dasa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta fito sai ta kunce bakin zanenta ta ciro makulli, wanda ta ce na biyu ne da marigayi yake bari a hannunta, kuma ta riƙe shi ne ranar ciniki saboda ba ta tabbata motar za ta tsira daga masu yanka ba. Na gwada shi a ƙofar direba bai buɗe ba, tunda makullan ƙofa daga ɗaya motar suke, amma da na zura shi a mazaunin tayar da inji sai ya juya. Na sa shi a cikin akwatin takardun, na ƙara layi ɗaya a kan takardar aibobi game da ƙofar da ba ya buɗewa, washegari kuma direban mai sayen ya zo ya tafi da ita Kano.